Agogon bango: tarihinsa, ire-irensa, da yadda ake bambanta tsoho da kwaikwayo

Da wuya a shiga masallaci, ofis ko ɗakin amarya a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ba a ga agogo rataye a bango ba. Mafi yawansu na roba ne masu aiki da batir, wato pil. Amma akwai masu kamar tsufa: akwatin katako, lambobin Rumawa, da wani ƙarfe yana lilo a bayan gilashi. Wasu daga cikinsu tsofaffi ne na gaske, an gaje su ko sun zo cikin kayan gwanjo daga Turai. Wasu kuwa bara aka ƙera su, aka yi musu kwalliyar tsufa.

Rashin sanin bambancin yana jawo asara iri biyu. Wani ya biya kuɗin kayan tarihi ya sayi sabo. Wani kuma yana da tsohon agogo mai daraja, ran da ya tsaya sai a cire injinsa a jefar, a sa masa na pil, darajar ta bi injin. Abin da ke raba su yana cikin akwatin, a bayan fuskar, kuma sai an san tarihin kowane salo ake gane shi.

Dalilin da ya sa agogo ya hau bango

Kalmar agogo kanta baƙuwa ce a Hausa, daga Yarbanci aka aro ta, inda take nufin ƙararrawa. Hakan ya dace da tarihi, domin agogon inji na farko a Turai, a ƙarshen ƙarni na 13 da farkon na 14, aikinsa buga ƙararrawa ne a hasumiyar coci ko ta gari, wasu ma ba su da fuska. Kafin nan agogon ruwa ake yi, kuma masanan ƙasashen Musulmi sun yi fice a kansa. A shekarar 807 Halifa Haruna Rashid ya aika wa Sarki Charlemagne agogon ruwa kyauta. A 1206 injiniya Al-Jazari ya kammala littafinsa mai bayanin irin waɗannan na'urori, kuma har yau ana iya ganin ragowar agogon Darul Magana da aka gina a birnin Fas na Maroko a 1357.

Da agogon inji ya shiga gidaje, nauyi ne ke tuƙa shi: dunƙulen ƙarfe ko dalma a ƙarshen igiya, yana sauka a hankali yana juya faifai masu haƙora. Nauyin yana buƙatar sararin sauka, don haka dole a ɗaga agogon sama. Ke nan larura ce ta kai shi bango, ado daga baya ya biyo. Waɗannan na farko hannu ɗaya gare su, na sa'a, domin sukan yi kuskuren kamar minti 15 a rana, sa hannun minti ba shi da amfani.

Lilo ya gyara lissafi

Galileo na Italiya ne ya lura cewa lokacin da abu mai lilo ke ɗauka wajen zuwa da dawowa ya dogara ga tsawonsa. A 1656 masanin ƙasar Holand Christiaan Huygens ya haɗa lilon da injin agogo, a 1657 ya sami takardar mallakar fasahar, maƙerin agogo Salomon Coster na birnin Hague ya shiga ƙerawa. Kuskure ya sauko daga minti 15 zuwa kamar sakan 15 a rana. Wajen 1670 aka samo a Ingila wata ƙugiya mai baki biyu da ke kama haƙorin faifai tana saki, wadda ta ba da damar amfani da dogon lilo mai ɗan gajeren zango. Lilo mai tsawon kusan mita ɗaya (santimita 99.4) yana bugawa sau ɗaya a kowane sakan. Daga nan hannun minti ya zama ruwan dare.

Hanya ta biyu ta tuƙa agogo ita ce naɗaɗɗen ƙarfe da ake ɗaurewa da makulli. Shi ya sa aka iya yin agogo ƙarami marar igiya. Kusan duk tsohon agogon bango ɗayan biyun nan ne: na nauyi ko na makulli.

Salon Faransa

Mafi alfarma shi ne wanda Faransawa ke kira cartel, na zamanin Sarki Louis na 15 (1715 zuwa 1774). Akwatinsa tagulla ce da aka zuba, aka yi mata ruwan zinariya, da siffar ganyaye da furanni masu lanƙwasa, ɓangaren dama bai yi daidai da na hagu ba. A zamanin Louis na 16 siffar ta natsu, ɓangarorin biyu suka daidaita. A lokacin da zaiba ake haɗa zinariyar, a gasa a wuta, aikin da ya halaka lafiyar maƙera da yawa. Daga shekarun 1840 aka koma yi da lantarki. Yawancin cartel da ke yawo a kasuwa yau na ƙarni na 19 ne, musamman zamanin Napoléon na 3 (1852 zuwa 1870), lokacin da aka yi ta kwaikwayon salon sarakunan baya. Kwaikwayo ne, amma shi ma yanzu ya haura shekara 150.

Agogon talakawa shi ne comtoise, daga yankin Franche-Comté, musamman garuruwan Morez da Morbier a tsaunukan Jura, kusa da iyakar Suwizalan. An fara shi a ƙarshen ƙarni na 17, aka ci gaba har farkon ƙarni na 20. Manoma ne ke ƙera sassansa a gida lokacin sanyi, in ƙanƙara ta hana aikin gona. Injinsa yana cikin kejin baƙin ƙarfe, da nauyi biyu, kuma yana kwana takwas kafin a sake ɗaga su. Fuskarsa fara ce mai ruwan tangaran irin na langa, samanta da adon tagulla: rana, zakara, ko manoma da damin alkama. Sau da yawa inji tsirara ake sayarwa, mai shi ya rataya a bango ko ya sa kafinta ya yi masa dogon akwati. Alamarsa da ba ta ɓuya ita ce yana buga sa'a sau biyu: ya buga, bayan kamar minti biyu ya maimaita, don wanda bai ƙirga na farko ba. Sunan da ke rubuce a fuskarsa galibi na mai kantin da ya sayar ne da garinsu, ba na maƙerin ba.

Sai œil-de-bœuf, wato idon sa, mai siffar da'ira ko ƙwai, wani lokaci da baƙin katako mai gefe kamar igiyar ruwa da adon ɓawon katantanwar teku. Shi ne agogon ɗakin girki, makaranta da ma'aikatar magajin gari a ƙarni na 19. Da yawansu suna ɗauke da injin kamfanin Japy na garin Beaucourt.

Wanda aka fi cin karo da shi a kayan gwanjo shi ne carillon, akwatin katako mai ƙofar gilashi da ramukan makulli uku, na tsakanin shekarun 1930 da 1960. Yana kiɗa kowane kwata na sa'a, da ƴan guduma masu bugun sandunan ƙarfe. Kiɗan da ya fi yawa shi ne na Westminster, wanda aka fara a wani coci na Cambridge a 1793, ya yi suna da hasumiyar Big Ben ta Landan. Odo na Morez da Vedette na Saverne su ne sunayen da suka fi shahara. A Faransa kyautar aure ce a wancan zamani. Yau masu tara agogo a Biyetnam suna neman Odo ruwa a jallo, abin da ya ɗaga farashinsa ya kuma jawo masu haɗa na bogi.

Jamus da Ostiriya

A yankin Baƙin Daji na kudu maso yammacin Jamus, wanda Faransawa ke kira Forêt-Noire, manoma sun fara sassaƙa agogo da katako, har faifan haƙoran, tun rabin ƙarshe na ƙarni na 17. Ƴan koli ke goya su a baya suna yawo ƙasa ƙasa. Fuskar allo ce da aka yi wa fenti da zanen furanni. Sun iya bin son mai saye, har sukan rubuta lambobin Turkawa a kan waɗanda za a kai Daular Usmaniyya ta Turkiyya.

A tsakiyar ƙarni na 18 agogon tsuntsun kuku ya bayyana a yankin. Kukan ba na sihiri ba ne: ƙananan zugazugi biyu ne ke hura bututu biyu, ɗaya bayan ɗaya. Siffar ɗan gida da aka san shi da ita ta zo ne a 1850, lokacin da makarantar koyon ƙera agogo ta Furtwangen, a ƙarƙashin Robert Gerwig, ta shirya gasar zane. Friedrich Eisenlohr, mai zanen gine-ginen jirgin ƙasa, ya kawo siffar ɗakin mai gadin layin dogo, ita ce ta zama uwar duk waɗanda suka biyo baya. Har yau ana ƙera shi da injin nauyi, na kwana ɗaya ko na kwana takwas, don haka agogon kuku na iya zama na asali daga Baƙin Daji amma sabo fil.

A birnin Viyana, daga wajen 1800, aka fito da agogo siriri mai gilashi gaba da gefe, wanda ake kira régulateur saboda daidaitonsa. Na zamanin Biedermeier (1815 zuwa 1848) ba su da yawan ado, kuma suna cikin mafi tsada. Yawan nauyi yana faɗin aikinsa: ɗaya, lokaci kawai, biyu, yana buga sa'a, uku, har da kwata. Sandar lilon katako ce, domin zafi bai cika miƙa katako kamar ƙarfe ba. Daga tsakiyar ƙarnin masana'antun Jamus suka kwaikwayi salon, suka ƙara masa ginshiƙai da rawani. Cikinsu akwai Lenzkirch, da Gustav Becker mai tambarin anka da haruffan GB, da Junghans na Schramberg mai tauraro mai tsini takwas. An kafa Junghans a 1861, zuwa 1903 ya zama kamfanin agogo mafi girma a duniya, yana fitar da sama da miliyan uku a shekara.

Ingila, Amurka da Japan

A 1797 gwamnatin William Pitt ta ɗora harajin sule biyar a kan kowane agogon gida a Ingila. Mutane suka daina saye, maƙera suka shiga uku, cikin wata tara aka soke dokar. Manyan agogunan gidajen baƙi masu baƙin fenti sun sami laƙabin agogon dokar majalisa daga nan, ko da yake an fara yin su shekaru da dama kafin dokar.

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne mai faffaɗar farar fuska da zoben katako, na tasha, gidan waya da makaranta. Jirgin ƙasa ne ya ɗaukaka shi. A da kowane gari da lokacinsa, gwargwadon tsayuwar rana a kansa, jirgi kuwa ba ya tafiya da lokaci goma. Kamfanin Great Western ya ɗauki lokacin Landan a 1840, doka ta tabbatar da lokacin Greenwich a 1880. Faransa ta mai da lokacin Paris na ƙasa baki ɗaya a 1891.

Amurkawa kuwa farashi suka karya. A 1802 Simon Willard ya yi rajistar agogo mai kan da'ira da dogon wuya, da aka yi wa laƙabi da banjo saboda ya yi kama da wani abin kiɗa mai siffar gurmi. A 1807 Eli Terry na jihar Connecticut ya karɓi kwangilar inji 4,000 na katako, ya cika ta da injinan da ruwa ke juyawa da sassa masu shiga wa juna. A ƙarshen shekarun 1830 Chauncey Jerome ya koma tagullar da ake bugawa da inji, agogo ya shiga gidan talaka. Seth Thomas, Ansonia, Waterbury da New Haven suka cika duniya da mai kai kusurwa takwas da ɗan akwatin lilo a ƙasa, wanda ake ce wa agogon makaranta. Irinsa kamfanin Seikosha, da Kintaro Hattori ya kafa a Tokyo a 1892, ya fara kwaikwaya. Shi ne kakan Seiko na yau.

Zuwan pil

A 1927 Warren Marrison da abokin aikinsa suka ƙera agogon farko mai aiki da dutsen kwaz a ɗakin binciken Bell na Amurka. Daga shekarun 1970 fasahar ta yi araha. Ɗan ƙanƙanin dutsen yana karkarwa sau 32,768 a sakan in lantarki ya ratsa shi, kuma kuskurensa a wata bai kai na tsohon agogo a mako ba. Masana'antun inji da yawa suka rufe. Sha'awar siffar da kuwa ba ta mutu ba, sai aka shiga sa injin pil cikin akwati mai kamar tsoho. Lilon irin wannan ado ne kawai, maganaɗisu ke kaɗa shi, ko an cire shi agogon zai ci gaba da tafiya.

Kwaikwayo ba laifi ba ne, tarihin da ya gabata ya nuna haka: Jamusawa sun kwaikwayi Viyana, Japanawa sun kwaikwayi Amurka, Faransawa sun kwaikwayi kakanninsu. Kwaikwayon da aka sayar da sunansa halal ne. Jabu shi ne sabon da aka tsufar da gangan, ko aka buga masa sunan wani, don a karɓi kuɗin tsoho. A ƙa'idar duwan ta ƙasa da ƙasa, sai abu ya haura shekara 100 ake lissafa shi cikin kayan tarihi.

Abin da mai saye zai duba

Farko a buɗe baya ko a leƙa gefe. Tsohon inji faranti biyu ne na tagulla ko kejin ƙarfe, da faifai a tsakani, sau da yawa da tambarin kamfani da lamba. Ƙaramin baƙin akwatin roba mai gurbin pil ya gama magana. Wasu na kwaikwayo har da ramukan makulli na ƙarya a fuska, babu komai a bayansu.

Tambari yana ba da iyakar shekaru. Injin Japy mai ambaton lambar yabo ta 1855 ba zai girmi shekarar ba, amma yana iya zama ƙaninta da shekaru da yawa. Rubuta sunan ƙasar da aka ƙera kaya ya yaɗu ne bayan dokar Ingila ta 1887 da ta Amurka ta 1890. Mai rubutun «West Germany» na tsakanin 1949 da 1990 ne. Mai rubutun «31 Day», wato mai kwana 31, galibi daga Japan, Koriya ta Kudu ko Sin ya fito a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. «Tempus Fugit» ba sunan kamfani ba ne, Latin ne mai nufin lokaci na gudu, kuma ya fi yawa a kan sababbi.

Shekarar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a fuska abin tuhuma ce. Akwai agogon tasha mai fuska biyu da ake sayarwa ko'ina a intanet da rubutun «Victoria Station 1747». A 1747 babu jirgin ƙasa a duniya, layin farko mai injin tururi na jama'a a 1825 aka buɗe shi, tashar Victoria ta Landan kuwa sai 1860.

Sai katako da ƙusoshi. Ƙusar murɗawa mai kan gicciye ba ta yaɗu ba sai shekarun 1930. Katakon garin itace da aka matse, ƙusar bindiga da gam mai kamar roba duk na zamani ne. Tsufa na gaske ba ya zuwa bai ɗaya: yana taruwa inda hannu ke taɓawa, bakin ramin makulli, mariƙin ƙofa, gefen da rana ke bugu. Fuskar da ta yi launin shayi daidai wa daida daga gefe zuwa gefe rina ta aka yi. Ramukan ƙusa marasa aiki a allon baya suna nuna injin da akwatin ba tare aka haife su ba, kuma irin wannan haɗin gambiza yana rage daraja ƙwarai. Lambar huɗu da aka rubuta IIII maimakon IV kuwa ba kuskure ba ce, tsohuwar al'adar maƙera ce.

Kula da shi a ƙasar zafi da ƙura

Agogon lilo yana son bango mai ƙarfi da ƙusa mai kauri, kuma ya tsaya tsaye cak. Kunne ke faɗa: in bugun biyu suna da tazara ɗaya, ya zauna daidai, in yana ɗingishi, a ɗan gusa ƙasan akwatin dama ko hagu har ya daidaita. Agogo da yawa da aka ce sun mutu wannan ne kawai ciwonsu.

Zafi yana miƙa sandar ƙarfe, agogo ya riƙa jinkiri, kamar rabin sakan a rana kan kowane digiri ɗaya. Tsakanin sanyin Janairu da zafin Afrilu ana ganin bambancin. Maganinsa noti ne da ke ƙarƙashin faifan lilo: a ɗaga faifan sama agogo ya ƙara sauri, a sauke shi ya rage. Kaɗan kaɗan ake juyawa, a jira kwana ɗaya a gani.

Babban abokin gaba shi ne ƙurar hunturu. In ta haɗu da mai sai ta zama kamar yashi, ta cinye ramukan da sandunan faifai ke juyawa ciki. Don haka a riƙa rufe ƙofar, a toshe tsagogin baya, kuma kada a kusance shi da man gyaɗa, man mota ko man fesawa. Mai gyaran da ya san injin makulli ne zai kwance shi ya wanke, ya ɗiga man agogo, bayan ƴan shekaru. A duba bayan akwatin saboda gara. Kada a juya hannun agogo mai bugu baya, gaba ake kai shi, a bar shi ya gama bugun kowace sa'a. In za a ɗauke shi, a fara cire lilo da nauyi.

Idan kuma tilas ta sa aka koma pil saboda rashin mai gyara, a naɗe tsohon injin da lilonsa da makullinsa da hannayensa a ajiye wuri mai bushewa. Muddin suna nan, wata rana ana iya mayar da su, agogon da Hausawa ke yi wa kirari da sarkin aiki ya koma bakin aikinsa yadda maƙerinsa ya bar shi.